Farar Shadda, Baƙar Fuska: Gwanintar Mai Buɗe Ɗanyen Hoto

Duk mai hoton da ya taɓa aikin ɗaurin aure a ƙasar Kebbe ko Tambuwal ya san inda gizo ke saƙar. Galibi ana ɗaura aure ne da hantsi ko bayan an sauko daga Juma'a, a ƙofar gida ko harabar masallaci, rana na bisa kai. Ango ya sha farar shadda, an yi mata aiki fari a kan fari, ga hula ko rawani ya yi wa goshi inuwa. Idon ɗan Adam yana ganin komai a lokaci guda, daga zaren aikin da ke ƙirjin riga har murmushin da ke ƙarƙashin rawani. Kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. In ta bi fuska, riga ta ƙone, aikin da maɗinki ya shafe makonni yana yi ya ɓace ɗungurungum. In ta bi riga, fuskar ango ta nutse cikin duhu, sai haƙora da fararen idanu.

Akwai samari a wannan yanki da suka shawo kan matsalar, kuma aikinsu ya cancanci yabo. Jarinsu bai wuce kyamara da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo ba, sai kuma sanin wani abu da da yawa daga masu ɗaukar hoto ke tsallakewa, wato saitin nan da ke cikin kyamara mai suna RAW, wanda ke ajiye ɗanyen fayil, da yadda ake lallaɓa fayil ɗin har ya buɗe. A gari irin Fakku, inda wanda za ka tambaya yana can Sakkwato ko Birnin Kebbi, ga dangin amarya sun ƙosa su ga hotuna, wannan sani shi ke raba gwani da mai riƙe da kyamara kawai.

Sai an leƙa cikin kyamarar kafin a gane girman abin. A bayan gilashinta akwai wani ɗan faranti mai ɗauke da miliyoyin ƙananan idanu. Mai megafiksel 24 tana da kimanin miliyan 24. Babu ko ɗaya cikinsu da ya san launi, yawan hasken da ya sauka a kansa kaɗai yake aunawa. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya fito da dabarar da yawancin kyamarori ke bi har gobe, aka ba shi takardar mallakarta a 1976: a rufe kowane ido da mataci mai launi ɗaya, rabin idanun kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Saboda haka abin da ke fitowa daga farantin jerin lambobi ne zalla. Kafin ya zama hoto sai an yi lissafi, an duba maƙwabtan kowane ido an cike masa launuka biyun da bai gani ba.

In aka bar kyamara a kan JPEG, ita ke yin wannan lissafi cikin ƙiftawar ido. Ta yanke hukunci a kan launin hasken wurin, ta ƙara kaifi da ƙarfin launi gwargwadon ɗanɗanon injiniyoyin da suka ƙera ta, ta matse sakamakon, ta zubar da saura. Tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992, yana da matakai 256 ne kacal tsakanin duhu da haske a kowane launi. Ɗanyen fayil kuwa yana riƙe matakai 4,096, a kyamarori da yawa ma 16,384. JPEG tuwo ne da aka riga aka tuƙa aka kwashe, iyakarka ka ɗumama shi ko ka sauya masa miya. Ɗanyen fayil gero ne a rumbu: yau ka yi fura, gobe kunu, jibi tuwo, kuma damin na nan bai ragu ba. A cikin waɗancan dubban matakai ne zaren rigar ango da fatar fuskarsa suke ɓoye tare, suna jiran mai fito da su.

Matsalar tana kunno kai ne ranar farin ciki, ranar da mai hoto ya tara kuɗi ya sauya kyamara. Ya rabu da tsohuwar Canon 700D ko 80D, ya ɗauko 90D ko EOS RP daga Kano ko Legas, ya tafi biki ya cika kati, yana duba bayan kyamara yana ganin hotuna tas. Da dare ya zura katin a kwamfuta, Photoshop ta ce ba ta san wannan fayil ba, Lightroom ta ƙi shigar da shi. Yaron shago ya ce, "Oga, memori ta ci hotuna!" A nan ne wanda bai sani ba yake yin ɓarna: ya sauya wa fayil suna ya maƙala masa haruffan JPG, ko ya miƙa katin ga mai gyaran waya, ko, Allah ya kiyaye, ya goge shi don ya gwada ko zai daidaita. Gwani kuwa ko gezau. Zai ce wa yaron, "Kar ka taɓa komai, hotuna na nan lafiya lau." Ya san abin da aka gani a bayan kyamara ɗan JPEG ne da take cusawa cikin kowane ɗanyen fayil don dubawa, kuma ya san manhajarsa ce ta girmi kyamarar.

Dalilin kuwa shi ne babu wani tsari ɗaya da ake kira RAW. Kowane kamfani da nasa: Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF, Panasonic na da RW2. Canon ta yi shekaru a kan CR2, sai a 2018 ta fito da CR3 a cikin EOS M50, kuma gininsa daban yake da na magabacinsa tun daga tushe. Ko da haruffan ƙarshen ba su sauya ba, kowace sabuwar kyamara tana zuwa da nata halin. Dole manhaja ta san yadda aka matse lambobin, ta san wace lamba ce baƙi ƙirin a wannan faranti, wace ce iyakar fari, ta kuma san yadda jan wannan faranti yake da dangantaka da jan da ido ke gani. Kamfanonin kyamara ba su cika bayyana waɗannan bayanai ba, don haka masu rubuta manhaja sai sun samo kyamarar sun auna ta da kansu. Shi ya sa NEF ɗin Nikon ta bara zai buɗe, na ta bana ya ƙi. Lokacin da Nikon Z9 ta fito a ƙarshen 2021 da sabon salon matse fayil, manhajoji da dama sun daɗe ba su iya karanta shi ba, kuma wannan ya shafi har manyan masu hoto na Turai da Amurka.

A can maganin ba wuya, a sabunta manhaja. A nan kuwa sabuntawar ita ce dutsen da ake tuntuɓe da shi. Tun 2013 kamfanin Adobe ya karkata ga biyan kuɗin wata-wata. Photoshop CS6 ta 2012, wadda har yanzu take zaune a kwamfutoci masu yawa a shagunanmu, an daina ƙara mata sababbin kyamarori a 2015. Lightroom 6, ta ƙarshe da ake saye sau ɗaya a huta, ta samu sabuntawarta ta ƙarshe a Disamban 2017, 'yan watanni kafin CR3 ya bayyana. Ke nan ko ka kwana kana danna ta, ba za ta taɓa buɗe shi ba. Biyan kuɗin waje duk wata kuwa, ga wanda ke aiki a ƙauye inda ake ciniki da haƙuri da sanayya, nauyi ne na gaske.

Abin da ya fi burge ni game da waɗannan samari shi ne natsuwar da suke bin lamarin da ita, daki-daki. Kafin komai sai an kwafe katin baki ɗaya zuwa kwamfuta, a sake kwafewa zuwa wani faifan ajiya na daban, sannan a cire katin a ajiye shi gefe, ba za a goge shi ba sai an miƙa aiki. Daga nan sai a ɗauko Adobe DNG Converter. Wannan ƙaramar manhaja kyauta ce, kuma ana sabunta ta duk lokacin da aka ƙara sababbin kyamarori. Aikinta ɗaya ne: ta karanta ɗanyen fayil na kowane kamfani ta zuba shi cikin DNG, tsarin da Adobe ya fitar a 2004 ya kuma bayyana ƙa'idojinsa ga kowa. Fayil ɗin yana nan ɗanye bayan juyawar, sai dai yanzu yana ɗauke da bayanin launin kyamarar a cikinsa, don haka tsohuwar Photoshop za ta buɗe shi ko da ba ta taɓa jin sunan kyamarar ba.

Akwai ƙananan tarkuna biyu a ciki, kuma a kansu ake gane wanda ya goge. Manhajar jaka take karɓa, ba fayil ɗaya-ɗaya ba. Sabon shiga zai buɗe jakar ya ga wayam, ya ɗauka hotunan sun salwanta, alhali jakar kawai ake so ya zaɓa. Na biyu, a cikin saitinta akwai wurin da ake faɗa mata wace tsohuwar manhaja ce za ta karɓi fayil ɗin, kuma in ba a daidaita shi da shekarun manhajar da ke kan kwamfutar ba, ana iya juyawa a ƙare a inda aka fara. Sai kuma batun sauke ta daga intanet, domin nauyinta ɗaruruwan megabait ne, kuma sababbin fitowarta ba sa hawa kan tsohuwar Windows 7. Mai dabara yakan sauke ta ranar da ya shiga Tambuwal ko Jega inda sabis ya fi ƙarfi, ya adana ta a filash, abokan sana'a su kwafa daga wurinsa.

In wannan hanya ta toshe akwai wasu. Kusan kowane babban kamfanin kyamara yana da manhajarsa ta kyauta wadda ta san fayil ɗinsa tun ranar da kyamarar ta shiga kasuwa: Digital Photo Professional ta Canon, wadda sai an shigar da lambar da ke gindin kyamara kafin a sauke ta, da NX Studio ta Nikon, da Imaging Edge ta Sony. Suna da nauyin jiki a kan tsohuwar kwamfuta, amma launinsu shi ne ainihin wanda aka gani a bayan kyamara, kuma daga cikinsu ana fitar da fayil ɗin TIFF a ƙarasa gyara a Photoshop. Akwai darktable da RawTherapee, waɗanda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke rubutawa suna rabawa kyauta. Wannan al'ada ta samo asali ne daga wani Ba'amurke, Dave Coffin, wanda ya fara a 1997 ya shafe shekaru yana warware fayilolin kyamarori ɗaya bayan ɗaya a cikin 'yar manhajarsa dcraw. In kuma babu wuta, kwamfuta ta mutu, ga uwar amarya ta aiko a karo na uku, to kyamarori da yawa suna iya sarrafa ɗanyen fayil a cikinsu su fitar da JPEG, gwani ya tura 'yan hotuna goma ta waya a samu na sa wa a WhatsApp kafin gari ya waye.

Buɗewar rabin aiki ne. Hoton da ya fara bayyana a fuskar kwamfuta yakan zo a dushe, ba armashi, har wanda bai saba ba ya ce gara JPEG. Gwani ya san haka ya kamata ya zo, domin ba a riga an yanke masa hukunci ba. Hasali ma tun a wurin biki ya fara shiri: ya rage haske kaɗan don kada farar riga ta kai iyaka, saboda in launuka ukun duka sun cika sun tumbatsa, babu manhajar da za ta dawo da zare ko ɗaya. Yanzu sai ya ja hasken sama ƙasa a hankali, aska takwas ta fara fitowa a ƙirjin babbar riga, kowane lanƙwasa da inuwarsa. Sannan ya ɗaga inuwa, fuskar da ke ƙarƙashin rawani ta bayyana da ƙyallinta. Ya san inda zai tsaya, domin in aka matsa wa inuwa da yawa sai tsaki-tsaki ya mamaye fata.

Daidaita launin haske shi ne wurin da ilimin gida ya fi na littafi. Darasin da ake koyarwa shi ne ka danna kan wani abu fari a cikin hoton, manhaja ta daidaita saura. Amma mai hoton Fakku ya san fararen kayanmu sun sha bula wajen wanki, farinsu ya karkata zuwa shuɗi. In ya danna kan rigar, manhaja za ta zuba rawaya don ta kashe shuɗin, fuskokin jama'a su koma ruwan lemo. Don haka sai ya nemi wani abu mai ruwan toka, ko ya daidaita da ido yana kallon fata. Haka a daren kamu ko walima, inda farin ƙwan sola da jan ƙwan janareta da fitilun wayoyin ƙawaye suka cakuɗe a kan fuska ɗaya. A JPEG an riga an dafa wannan cakuɗa cikin hoton, a ɗanyen fayil kuwa ana iya zaɓar launin da ya dace bayan biki ya watse, lallen amarya ya fito da jansa, atamfar anko ta fito yadda aka sayo ta. Da hunturu, lokacin da hazo ke shafe komai ya bar shi fari-fari, gwani yakan dawo da baƙin launi wurin zamansa, amma mai hankali yana barin ɗan hazon a nesa, don wanda ya kalli hoton bayan shekara ashirin ya san da sanyi aka yi bikin.

Batun fata yana da tarihi mai ɗaci. Masu wanke fim a duniya sun shafe shekaru da dama suna daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, kuma sinadaran fim ɗin kansu an tsara su ne da farar fata a zuciya. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta cewa koke-koken masu tallar cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fitowa daidai, suna cikin abin da ya sa aka gyara. Wayoyin Tecno da Infinix da suka cika aljihunanmu sun samu karɓuwa a Afirka ne, a wani ɓangare, don an saita kyamarorinsu da baƙar fata. Ɗanyen fayil ya ɗauke wannan hukunci daga hannun injiniyan wata nahiya ya damƙa shi ga yaron da ya san amaryar tun tana tallar fura. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an yi amfani da wannan dama an ɗauraye fuskar amarya har kakarta ta kasa gane ta. Na san sau da yawa masu hoton ne ake matsa wa, "Malam, a ƙara mini haske." Gwanin da nake yabo yakan ƙara hasken da ke sauka a kan fatar, ya bar launinta yadda Allah ya yi shi, ya nuna wa amaryar a fuskar kwamfuta, kuma galibi da ta gani take amincewa.

Wani alherin kuma shi ne duk wannan gyara ba ya taɓa asalin fayil ɗin. Galibi manhaja tana rubuta umarnin ne a gefe, a wani ɗan fayil mai suna XMP ko a kundinta, ta yadda za a iya komawa farko a kowane lokaci. Wannan ne ya sa masu gasar World Press Photo suke neman asalin fayil daga waɗanda suka kai matakin ƙarshe. A 2015 sun fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai dab da ƙarshe bayan sun gwada su da asalinsu. Daga ƙarshe sai fitarwa: JPEG a tsarin launi na sRGB don masu buga hoto da allon waya, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, domin hanyar hoto ta yau da kullum tana matse shi ta rage masa kyau. Mai lura kan buga ɗaya na gwaji kafin ya buga albam, saboda fuskar tsohuwar kwamfuta ba abin dogaro ba ce wajen launi.

Nauyin ajiya shi ne kuɗin da ake biya. Ɗanyen fayil ɗaya na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, biki guda ya cinye gigabait masu yawa, don haka jarabar gogewa bayan an karɓi kuɗi tana da ƙarfi. A nan ya kamata a tuna da Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako. Masu hoton unguwa ne, aikinsu ɗaukar ma'aurata da samari da 'yan mata cikin kwalliya, amma sun adana dubban fina-finan da suke wanke hoto daga cikinsu. Da duniya ta farga da su a shekarun 1990, daga waɗannan fina-finai aka buga manyan hotunan da suka zaga gidajen tarihi, har Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Ɗanyen fayil shi ne fim ɗin wannan zamani, kuma manhajar da za ta zo nan gaba za ta fitar da abin da ta yau ta kasa fitarwa daga cikinsa. Hotunan dattawan Fakku da sarakunan gargajiya da hawan salla da ake ɗauka yau, babu wani kundi da ke tattara su in ba faifan mai hoton ba.

Ga matashin da ke shirin sayen sabuwar kyamara, ko a Kebbe yake ko Tambuwal: tafi kanti da katinka da kwamfutarka, ka ɗauki hoto biyu a saitin RAW, ka tabbata sun buɗe kafin ka ƙirga kuɗi. A bikin farko ka saita ta ta riƙa ajiye RAW da JPEG tare. Ku kuma iyayen gida da kuka riga kuka ƙware, don Allah ku zaunar da yaran shagonku a gaban kwamfuta ku nuna musu, kada aikinsu ya tsaya a riƙon fitila da ɗaukar jaka.